Ƙungiyar manoman jihar Iowa: da yawun wa take magana?

Alhaji Garba:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka ce, musamman Malam Sani da ke karatun aikin gona a jihar Iowa. Duk lokacin da aka tashi maganar tallafin noma ko harajin gonaki a can, sai na ji an ambaci Farm Bureau, kuma ana cewa ɗan siyasar da ya saɓa mata a jihohin noma yakan sha wuya. Ina so a fahimtar da mu: hukuma ce ta gwamnati, ko kamfani, ko ƙungiyar manoma zalla? Wa yake ba ta kuɗi, kuma daga ina ƙarfinta ya fito?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ba hukumar gwamnati ba ce, ko da yake da taimakon gwamnati aka haife ta. A shekarar 1911 'yan kasuwar garin Binghamton da ke jihar New York suka ɗauki malamin gona domin ya riƙa zagaya manoman gundumarsu, kuma a 1914 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ware kuɗi don irin waɗannan malaman gona a faɗin ƙasar. A jihohi da yawa tsarin da aka bi shi ne manoman gunduma su kafa ƙungiya, su tara kuɗinsu, sannan hukuma ta ƙara musu a ɗauki malamin. Waɗannan ƙungiyoyin gundumomi su ne suka taru a garin Marshalltown a watan Disamba na 1918 suka kafa ta jihar Iowa baki ɗaya, bayan shekara guda kuma jihohi suka haɗu a Chicago suka kafa ta ƙasa, wadda wani manomin Iowa mai suna James Howard ya zama shugabanta na farko. An ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya tsakaninta da malaman gona har tsakiyar shekarun 1950, lokacin da ƙorafi ya yi yawa cewa ma'aikacin da ake biya da kuɗin jama'a yana tara wa ƙungiya mai zaman kanta membobi. Ma'aikatar noma ta ƙasa ta ba da umarnin a rabu a 1954, Iowa kuma ta yi dokarta a 1955.

A yau jihar tana da gundumomi 99, amma rassan ƙungiyar 100 ne, saboda gundumar Pottawattamie tana da biyu. Hedikwatarta tana West Des Moines. Abin da na fi ganin ya kamata mu lura da shi shi ne yadda ake tsara matsayarta. Memba yana biyan kuɗin shekara a reshen gundumarsa, kuma a can ne ake fara kawo ƙuduri. Na halarci irin wannan taro a wata gunduma da ke tsakiyar jihar: ɗakin taro ne madaidaici, an jera dogayen tebura da butocin kofi, yawancin mahalarta dattawa ne masu hular hana salla ɗauke da tambarin kamfanonin iri. Wani ya miƙe ya yi ƙorafi a kan wata gada da aka rage nauyin da za a iya bi da shi a kanta, har motar ɗaukar masararsa take yin dogon zagaye kafin ta kai rumbun 'yan kasuwa. Aka rubuta, aka gyara lafazi, aka ɗaga hannu. Abin da ya tsallake gunduma yakan tafi taron jiha, inda kowane reshe yake da wakili mai ƙuri'a, abin da ya shafi dokar tarayya kuma a kai shi babban taron ƙasa a watan Janairu. Ma'aikatan da ƙungiyar ta ɗauka don kamun ƙafa a majalisa ba su da ikon faɗin abin da ya saɓa wa wannan kundin.

Hajiya Binta:
Malam Sani, sannu da ƙoƙari, amma ka tsallake rabin tambayar Alhaji, wato maganar kuɗi. Ni a harkar inshora nake aiki a nan Chicago, don haka ta wannan ƙofar na san ƙungiyar. Ta Iowa tana cewa tana da iyalai sama da dubu 150 a matsayin membobi, alhali ƙidayar gonaki ta 2022 ta nuna gonakin jihar ba su wuce dubu 87 ba, kuma ba kowane manomi ne memba ba. Ragowar daga ina suka fito? Amsar ita ce inshora. Tun 1939 ƙungiyar ta kafa kamfanin inshorarta, kuma al'adar da aka daɗe a kanta a jihohi da dama ita ce wanda yake son inshorar mota ko ta gida daga irin wannan kamfani sai ya yanki katin zama memba. Malamin makaranta a birni da bai taɓa riƙe fartanya ba yana cikin lissafin da ake kai wa 'yan majalisa. Kamfanin da ya tsiro daga ta Iowa, FBL Financial Group, har kasuwar hannun jari ta New York ya shiga a 1996, ƙungiyar tana riƙe da kaso mafi tsoka, kafin a fitar da shi daga kasuwar a 2021.

Idan kuna son ganin muhimmancin wannan, ku dubi abin da ya faru a jihar da nake zaune. Har zuwa 2024 ƙungiyar Illinois tana da membobi kusan dubu 400, manoman cikinsu ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. A 2024 kamfanin inshorar da ke da alaƙa da ita ya ce ya daina tilasta wa waɗanda ba manoma ba zama membobi, sai uwar ƙungiya ta ƙasa, wadda take karɓar kasonta a kan kowane memba, ta kaɗa ƙuri'ar korar reshen Illinois ɗungurungum, magana ta tafi kotu. Rigimar ba a kan taki ko iri aka yi ta ba.

Malam Sani:
Hajiya, alƙalumanki daidai ne, sai dai a jihohi da yawa an bambanta memba manomi da memban da ya shigo ta hanyar inshora, kuma manomin ne yake da ƙuri'a a kan manufofi da shugabanci. Shugaban ta Iowa na yanzu, Brent Johnson, manomi ne daga gundumar Calhoun, wanda ya gada a 2021, Craig Hill, shi ma manomi ne. Ni a ganina kuɗin inshorar nan shi ne ya sa ƙungiyar ba ta jiran gwamna ya ba ta motar aiki ko kuɗin taro. Tana da lauyoyinta, da masana tattalin arzikinta, da jaridarta mai suna Spokesman da ke isa gidajen manoma. Wanda ba ya cin abincin gwamnati yana iya kallon idonta ya faɗa mata abin da ba ta so.

Hajiya Binta:
Na yarda ba ta cin na gwamnati, amma tana cin na wani, kuma Bahaushe ya ce idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ƙungiyar da dukiyarta take cikin kamfanin kuɗi da hannayen jari dole wata rana muradin kamfanin da na ƙaramin manomi su yi karo. Ga misali guda. A 2018 gwamna Kim Reynolds ta sa hannu a dokar da ta ba ƙungiyar damar sayar da tsarin kula da lafiya tare da kamfanin inshorar lafiya na Wellmark, aka kuma rubuta a dokar cewa wannan tsari ba inshora ba ne. Amfanin rubuta hakan shi ne kada dokar tarayya da ta hana a ƙi karɓar mai tsohuwar cuta ta hau kansa. Manomi matashi mai ƙoshin lafiya ya samu sauƙi, wannan gaskiya ne, domin kuɗin inshorar lafiya ya yi wa masu zaman kansu tsada ƙwarai a lokacin. Amma dattijon manomi mai ciwon sukari ana iya mayar da shi. Shi ma ai memba ne.

Malam Isa:
Da izinin manya, ni malamin tarihi ne, kuma ina so in ƙara cewa wannan muhawarar ta girmi dukkanmu. Tun farko ba ita kaɗai ce ƙungiyar manoma a Iowa ba. Akwai Farmers Union, wadda aka kafa ta ƙasa a Texas a 1902, kuma mutanenta sun daɗe suna zargin Farm Bureau da cewa ta manyan manoma ce da 'yan kasuwa, ganin cewa ofishin 'yan kasuwa ne ya fara kafa ta. A 1932, lokacin da farashin masara ya faɗi har wasu suka gwammace su ƙona ta a murhu maimakon sayen kwal, Milo Reno na ɓangaren Farmers Union ya jagoranci yajin aikin manoma, suka tare hanyoyin shiga Sioux City suna hana a kai madara da dabbobi kasuwa. A 1933 a garin Le Mars fusatattun manoma suka fito da alƙali daga kotu da ƙarfi saboda shari'o'in ƙwace gonakin masu bashi. Ita kuwa Farm Bureau ba ta tare hanya ba. Shugabanta na ƙasa a lokacin, Edward O'Neal, ya tare a Washington tare da ministan noma Henry Wallace, wanda shi ma ɗan Iowa ne, har aka yi dokar 1933 da ta fara biyan manoma don su rage yawan shuka farashi ya tashi. Tallafin noman Amurka na yau daga wannan doka ya samo tushe. Sai dai kuɗin yana bin yawan ƙasa da yawan amfanin da mutum yake nomawa, don haka mai babbar gona ya fi kowa kwasa, masu noman haya a kudancin ƙasar kuma da yawa aka sallame su daga gonakin.

Dokta Hadiza:
Malam Isa ya kawo mu inda nake jira. Ni fannina ingancin ruwa ne, kuma a nan ne nake ganin kalmar "al'ummar karkara" da ƙungiyar take yawan amfani da ita take fuskantar jarrabawa mafi tsanani. Arewa ta tsakiyar Iowa asalinta fadama ce. Abin da ya mayar da ita ƙasar masara shi ne bututun da aka binne a ƙarƙashin gonaki suna tsane ruwa zuwa magudanai. Wanda ya bi hanyoyin ƙauye bayan narkewar ƙanƙara zai ga bakin bututun a gefen kwalbati yana zubar da ruwa garai-garai kamar na sha, amma yana ɗauke da sinadarin naitiret daga takin zamani da kashin dabbobi, a jihar da aladunta suka haura miliyan 20 alhali mutanenta ba su kai miliyan uku da rabi ba. Ruwan yana gangarawa kogin Raccoon, wanda birnin Des Moines yake sha. Dokar tarayya ta ce kada naitiret ya wuce miligiram 10 a kowace lita ta ruwan sha, saboda yana cutar da jarirai, don haka tun farkon shekarun 1990 hukumar ruwan birnin ta gina matatar cire shi, mutanen birni suna biya.

A 2015 hukumar ruwan, ƙarƙashin Bill Stowe, ta kai ƙarar hukumomin magudanan gundumomi uku, wato Sac da Buena Vista da Calhoun, tana neman a ɗauki bakin bututun nan kamar bakin bututun masana'anta, a sa masa doka. Farm Bureau ta tsaya tsayin daka a kan adawa da ƙarar, kotu kuma ta yi watsi da ita a 2017. Matsayar ƙungiyar ita ce a bar manoma su gyara bisa raɗin kansu, ƙarƙashin shirin jihar na 2013 da ya sa burin rage naitirojin da fosfaras da kashi 45 cikin ɗari, ba tare da wa'adi ko hukunci ba. A watan Yuni na 2025 sai da aka hana mazauna yankin Des Moines ban ruwan ciyawar gidajensu, saboda matatar ta kasa cim ma yawan naitiret da ke cikin kogunan. Su mutanen birni suna da matata. Ɗan ƙauyen da yake sha daga rijiyar gidansa ba shi da ita, kuma shi ne ake cewa ana kare wa muradi.

Injiniya Kabiru:
Dokta, Allah ya ƙara sani, amma a yi wa manomin adalci. Shuka hatsin rufe ƙasa bayan girbi yana rage naitiret, kowa ya sani, sai dai iri kuɗi ne, man tarakta kuɗi ne, kuma idan bazara ta zo da sanyi yana iya jinkirta shukar masara. Fiye da rabin ƙasar noman Iowa haya ake nomawa, yawancin masu ƙasar kuma sun haura shekara 65. Wanda ya karɓi gona haya ta shekara ɗaya, eka guda tana kaiwa sama da dala dubu 11 idan sayarwa za a yi, ta yaya za a ce ya kashe kuɗinsa ya gina matatar ruwa a bakin gonar da ba tasa ba? Sannan ruwan sama ba ya bin doka. Shekarar da aka yi fari takin yakan zauna a ƙasa, shekarar da ta biyo da ruwa mai yawa ya wanke gaba ɗaya, ko da manomin bai ƙara ko buhu ɗaya ba. Ƙungiya aikinta ta kare membobinta, kuma ta kare su. Ta yi nasarar da ake gani a aljihu: ana kimanta harajin gona a Iowa bisa abin da ƙasar take iya bayarwa, ba bisa farashinta a kasuwa ba, kuma a 2021 an yi dokar da ta ɗauke nauyin kula da masu taɓin hankali daga harajin kadarorin gundumomi ta mayar wa jiha, ta kuma soke harajin gado a hankali, abubuwan da ƙungiyar ta daɗe tana nema. Idan ana neman mai kare kogi, gwamnati ce da majalisa ya kamata a tuhuma.

Dokta Hadiza:
Injiniya, ai majalisar ce muke magana a kanta. Ƙungiyar tana da kwamitin siyasa da yake ba 'yan takara lambar "abokin noma" kafin zaɓe, kuma mafi yawan masu samunta 'yan jam'iyyar Republican ne, wadda take riƙe da majalisar jihar. Ba za a ce ita ce ta fi kowa ƙarfin faɗa a ji a zauren ba, sannan idan an zo maganar abin da zauren ya ƙi yi a ce ba ruwanta. Ban musanta tsadar da ka lissafa ba. Da ƙungiyar ta ce a sa doka amma a ɗora kuɗin a kan mai ƙasa maimakon ɗan haya, da na ce tana kare ƙaramin manomi. Abin da ta ce shi ne kada a sa dokar sam.

Alhaji Garba:
Na gode muku duka, na ƙaru. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar biyan kuɗin shekara. A nan gida na ga yadda ƙungiyoyin manoma suka cika da sababbin fuskoki bayan an ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Banki a Kebbi a 2015, mutum ya yi rajista don ya ji ana rabon taki da injin ban ruwa, da rabon ya tsaya kuma ba a sake ganinsa ba. Wanda ya shiga don ya karɓa ba ya tambayar shugaba lissafi. Malam Sani, shin su can da aka shiga matsi, membobin sun tsaya?

Malam Sani:
Ranka ya daɗe, matsi mafi girma da na sani shi ne na shekarun 1980. Manoma sun ci bashi sun sayi ƙasa da injuna a shekarun 1970 da kasuwa take ci, sai kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo, shugaba Carter kuma ya hana sayar wa Tarayyar Sobiyet hatsi a 1980. Binciken jami'ar jihar da ke Ames ya nuna darajar ƙasar noma ta faɗi da kashi 63 cikin ɗari tsakanin 1981 da 1986. Bankunan ƙauye suka rufe, aka yi gwanjon gonakin da iyali suka riƙe tun kakanni. Ƙungiyar ta tsira, har ma wani manomin Iowa, Dean Kleckner, ya zama shugabanta na ƙasa a 1986, amma da yawa daga waɗanda suka rasa gonakinsu sun tafi da jin cewa ta fi damuwa da 'yancin kasuwa fiye da ceto su, kuma wasu ƙungiyoyi da coci-coci ne suka tsaya musu a wurin gwanjo. A 1950 Iowa tana da gonaki kusan dubu 200, yau ba su kai rabin haka ba. Wanda ya bar noma ya bar ɗakin taron, wanda ya sayi gonarsa shi ne ya rage yana ɗaga hannu. Saboda haka idan na ce tsarin daga ƙasa yake tasowa, gaskiya na faɗa, amma ƙasan ta waɗanda suka rage ce.

Malam Isa:
Akwai kuma waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin ba. Garuruwa irin su Storm Lake da Marshalltown, inda aka kafa ƙungiyar, yanzu masana'antun yanka da sarrafa nama ne suke riƙe da su, ma'aikatansu kuwa baƙi ne daga Meziko da Amurka ta Tsakiya da Sudan da ƙasar Myanmar. 'Ya'yansu ne suka cika makarantun da da an rufe su don rashin ɗalibai. Su ma mutanen karkara ne, amma ba su da gona, don haka ba su da ƙuri'a a kan kundin da ake kai wa majalisa da sunan karkara.

Injiniya Kabiru:
Malam Isa, su ai suna da ƙungiyar ƙwadago. Ba a hana kowa kafa tasa ba, kuma Farmers Union da kuka ambata tana nan a Iowa har gobe, tana goyon bayan a ɗaure wa manyan kamfanonin nama da na iri ƙugu. Idan membobinta ba su kai na waccan ba, manoma ne suka zaɓa da aljihunsu. Ni abin da nake so a auna shi ne sakamako, kuma ba kullum Farm Bureau take nasara ba. Uwar ƙungiyar ta ƙasa ta shiga ƙarar da aka kai jihar California a kan dokarta ta 2018 da ta hana sayar da naman aladen da aka tsare uwarsa a ƙuntataccen keji, ta sha kaye a Kotun Ƙoli a 2023. A farkon wannan shekarar ta 2023 kuma uwar ƙungiyar ta sa hannu da kamfanin John Deere a kan bai wa manomi damar gyara taraktarsa da kansa ko a wurin makanikin da ya ga dama.

Hajiya Binta:
Injiniya, ka karanta sharaɗin da ke cikin wannan yarjejeniyar kuwa? Ƙungiyar ta amince za ta shawarci rassanta na jihohi kada su nemi a yi dokar 'yancin gyara a majalisunsu. Kamfanin ya ba da alkawarin da zai iya janyewa, ita kuma ta ajiye makamin da ya fi tsorata shi. Jihar Colorado ba ta jira ba, ta yi dokarta a 2023. Malam Sani, idan taron gundumar da kake halarta ya zagayo, ka duba mana ko wani ya kawo ƙudurin a nemi irin wannan doka a Iowa, da kuma hannu nawa aka ɗaga.

Malam Sani:
In sha Allahu, Hajiya. Zan kuma nemi kundin manufofin bana in ga abin da aka rubuta a kan rijiyoyin gidajen ƙauye, domin Dokta ta samu abin da za ta yi mana sharhi a kai.